Malama Dorothy Porter, Matar da Ta Hana Tarihin Baƙar Fata Shiga Juji

 Mun sani lokacin ɗan kasuwa kuɗi ne, saboda haka ba za mu tsaya kewaye-kewaye ba.

Yau mun zo ne mu tuna da wata mace wadda yawancinmu ba mu taɓa jin ko sunanta ba. Sunanta Dorothy Porter, baƙar fata ce, mutuniyar ƙasar Amurka. Ba ta yi sarauta ba, ba ta kuwa tara dukiya ba. Sana'arta tsaron littattafai a laburare, watau ɗakin da a kan tara littattafai don jama'a su zo su karanta. Ta yi shekara 90 a duniya, 43 daga ciki kuwa a kan aiki guda ta yi su, ba ta canja ba.

Watakila wani a cikinku ya ce, to, ina ruwan mai sayar da goro da wata mai jera littattafai a bayan teku? Ku dakata ku ji. Kowane ɗayanmu ya san ɗan kasuwar da ba ya rubuta bashi. Muddin ana zaman lafiya ba ya ganin asararsa. Ran da gardama ta tashi aka je gaban alƙali, aka ce ina shaidarka, ran nan ne idonsa zai raina fata. To, yadda mutum guda yake haka al'umma take. Al'ummar da ba ta ajiye shaidar abin da kakanninta suka yi ba, duk wanda ya ga dama sai ya ce ba su yi kome ba, ita kuwa ba ta da bakin musu. Wannan mata littafin shaida ta buɗe wa baƙar fata, ta yi ta cika shi har ƙarfinta ya ƙare.

ZAMANIN DA TA TASO

An haife ta ran 25 ga watan Mayu 1905 a garin Warrenton, cikin jihar Bajiniya. Ubanta likita ne, sunansa Hayes Burnett, ya kuwa tashi da iyalinsa zuwa garin Montclair a jihar Niyu Jasi, can ta girma ta yi makaranta. Ku lura da shekarar haihuwarta. A shekarar 1865 aka haramta bauta a Amurka, watau sa'ad da aka haife ta shekara 40 ke nan kacal da 'yanta bayi. Ta tarad da tsofaffin da aka taɓa sayar da su a kasuwa da ransu.

A zamanin bauta kuwa an kafa dokoki musamman don kada bawa ya san baƙi. Tun a shekarar 1740 hukumar Karolina ta Kudu ta yi doka cewa duk wanda ya koya wa bawa rubutu za a ci shi tarar fam 100, daga baya wasu jihohin kudu suka bi sawu. Iyayengijin nan sun sani sarai, bawan da ya iya alƙalami yana iya rubuta wa kansa takardar izinin tafiya, yana kuma iya rubuta abin da aka yi masa duniya ta karanta. Da bauta ta ƙare sai wariya ta gaje ta. A yawancin garuruwan kudu, baƙar fata yana biyan haraji a gina laburare, amma ba shi da ikon taka ƙofarsa. Har a shekarar 1961 an kama wasu ɗalibai tara a birnin Jackson na jihar Misisifi, aka ci kowannensu tarar dala 100, laifinsu kuwa sun shiga laburaren Turawa sun zauna suna karatu. Sai a 1964 aka yi dokar ƙasa da ta hana wariya a wuraren jama'a.

Bayan an hana mutane karatu, an hana su shiga inda littattafai suke, sai kuma aka juyo ana yi musu gori, ana cewa baƙar fata ba shi da tarihi, bai taɓa rubuta littafi ba, bai taɓa ƙago wani abin kirki ba. Kun ji irin zamanin da wannan yarinya ta buɗe ido a ciki.

Ta yi makarantar horar da malamai ta Miner a birnin Washinton, sa'an nan ta shiga Jami'ar Howard ta gama a 1928. Ita Howard an kafa ta ne a 1867, bayan yaƙin basasa, don ilmantar da 'yantattun bayi da 'ya'yansu. Marigayi Dokta Nnamdi Azikiwe ma ya yi karatu na ɗan lokaci a cikinta. Daga nan Malama Dorothy ta tafi Jami'ar Kolambiya a birnin Niyok ta koyi sana'ar laburare, ta sami digiri na biyu a 1932. Ita ce baƙar mace ta farko da ta sami wannan digiri a makarantar.

JARIN DA AKA BA TA

Tun a shekarar 1914 wani malamin addinin Kirista mai suna Jesse Moorland, tsohon ɗalibin Howard, ya ba jami'ar kyautar littattafai da ƙasidu da takardu wajen 3,000, dukansu a kan baƙar fata da zamanin bauta. Kyauta ce mai daraja, amma ta daɗe ba ta sami mai tsayawa a kanta ba. A 1930 aka kira Malama Dorothy, tana 'yar shekara 25, aka ce ta tattara waɗannan da sauran littattafan baƙar fata da ke warwatse cikin laburaren jami'a, ta mai da su ma'aji guda. Wannan shi ne jarinta. Kuɗin sayen sababbin littattafai kuwa kaɗan ne ƙwarai, gama a shekarun nan ne kasuwannin duniya suka karye, Amurka na fama da matsi, makarantar baƙaƙe kuwa ta fi kowa jin jiki.

Me mai ƙaramin jari yake yi? Ku kun fi mu sani. Yana sammako, yana kuma sanin mutane. Haka ta yi. Ta riƙa rubuta wa mawallafa wasiƙu tana roƙon su aiko mata da kofe guda na abin da suka rubuta. Ta ƙulla hulɗa da masu buga littattafai da dillalan tsofaffin littattafai a Amurka da Turai da Birazil da tsibiran Karibiyan, har ya zama in wani abu ya faɗo hannun dillali ita yake fara tunawa. In ta ji wani tsohon malami ko likita ko lauya baƙar fata ya rasu, sai ta je gidan ta yi gaisuwa, ta roƙi magada kada su zubad da takardunsa. Ta hau rufin ɗaki, ta shiga ɗakin ƙasa, ta kwaso abin da ƙura ta rufe ta zuba a jakar cefane ta kawo ofis. Har aka san ta da wannan jaka. Wasiƙun da magada ke shirin cinna wa wuta, da hotuna, da littattafan minti na ƙungiyoyi, da tsofaffin jaridu, ba ta raina ko ɗaya ba. Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika.

RUMFA BIYU A BAYAN KASUWA

Yanzu mun zo kan abin da ya fi fito da sunanta, muna roƙo ku kasa kunne, gama a nan ne za ku ga yadda a kan zalunci mutane da lamba, ba bulala ba sanda.

Laburare kamar kasuwa yake. In ka shiga Kasuwar Kurmi kana neman takalmi ka san layin dukawa za ka nufa, in gishiri kake so ka san inda 'yan gishiri suke. Kasuwar da ba ta da layi, mai saye ya sha wuya, mai sayarwa ya kwana da kayansa. A shekarar 1876 wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fito da tsarin jera littattafai, ya kasa ilmin duniya kashi goma, ya ba kowane kashi lamba. Addini na lamba 200, sha'anin zaman jama'a 300, kimiyya 500, sana'o'i da likitanci 600, zane da kiɗa 700, waƙoƙi da adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Kowane kashi kuma an sake tsattsaga shi ƙanana ƙanana. Yawancin laburaren Amurka da wannan tsari suke aiki a lokacin, har yau ma ana aiki da shi a ƙasashe da yawa, sai dai an yi masa gyare-gyare.

To, a cikin waɗannan lambobi akwai 326, ita ce ta bauta, da 325, ita ce ta ƙaura da kafa mulkin mallaka. Abin da Malama Dorothy ta tarar shi ne, a yawancin laburaren Turawa, duk littafin da baƙar fata ya rubuta, ko me yake magana a kai, ɗaya daga cikin lambobin nan biyu a kan manna masa. Ita da bakinta ta ba da misali da James Weldon Johnson, mawaƙin da kowa ya sani a Amurka, ta ce littafin waƙoƙinsa ma a lamba 325 a kan jefa shi, ta ce wannan wauta ce.

Ku ƙaddara sarkin kasuwa ya yi shela ya ce duk abin da mutanen unguwa kaza suka kawo, ko zane ne, ko magani, ko sirdi, ko zuma, kada a kai shi layinsa, a tara shi a wata rumfa can bayan kasuwa wajen turken jakai, a rubuta a bakin rumfar, kayan bayi. Baƙo ya zo neman magani ya zaga layin masu magani bai ga nasu ba. Ya je layin masu zane bai ga nasu ba. Da ya koma garinsu me zai ce? Cewa zai yi mutanen unguwar nan ba su iya saƙa ba, ba su san magani ba. Bai yi ƙarya da gangan ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Haka yaro ɗan makaranta, fari ko baƙi, zai je kantar waƙoƙi ya ga babu baƙar fata ko ɗaya, ya je kantar likitanci ya ga haka, ya tashi da imani cewa abin da baƙar fata ya taɓa zama a duniya bawa ne kurum.

Ga misali da ya shafe mu. Akwai wani mutumin Kukawa a ƙasar Barno, Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. An kama shi yana saurayi, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istambul, daga nan ƙasar Rasha, inda ya sami 'yancinsa. Ya zaga Turai, ya iya harsuna da yawa, ya isa Amurka, ya shiga soja a 1863 ya yi yaƙin basasa a gefen masu ƙin bauta, daga baya ya zama malamin makaranta. A 1873 aka buga littafin tarihin rayuwarsa a birnin Memphis. Littafin nan akwai labarin ƙasa a ciki, akwai tarihin Barno, akwai labarin fatauci da na manyan birane. In aka bi waccan al'ada, duk wannan za a rufe ido a kansa a kai shi rumfar bayi.

Malama Dorothy ba ta yi zanga-zanga ba, ba ta kuwa jira izinin masu tsarin ba. Zama ta yi da kati da alƙalami ta bi littattafan ɗaya bayan ɗaya. Na waƙa ta kai shi layin waƙa, na likita layin likitanci, na kiɗa layin kiɗa, na shari'a layin shari'a, haka tattalin arziki, da harsuna, da addini, da wasanni. Da ta gama sai abin mamaki ya bayyana. Babu layin da ya zauna fanko. Kowane fannin ilmi da ɗan Adam ya sani, ga baƙar fata a ciki da littafinsa da sunansa da shekarar da ya rubuta. Daga ranar, mai gori in ya shigo sai a kama hannunsa a zaga da shi. Gani ya kori ji.

WA YA SAN KUƊIN KAYAN?

Ga wani labari da zai yi wa 'yan kasuwa daɗi. Akwai wani lauya Bature a Niyok mai suna Arthur Spingarn, wanda ya daɗe yana shugabancin babbar ƙungiyar neman haƙƙin baƙar fata ta Amurka. Shekara da shekaru yana sayen littattafan da baƙaƙe suka rubuta a kowane harshe, daga kowace ƙasa, har ya tara wajen 5,000. A 1946 ya yarda ya sayar wa Jami'ar Howard. Ma'ajin jami'a ya ce ba zai fid da kuɗi ba sai wani masani daga waje ya yi wa kayan ƙima, gama bai amince da ƙimar ma'aikaciyarsa ba. Malama Dorothy ta tafi babban laburaren Majalisar Amurka ta nemo mai yin ƙima. Yadda ta ba da labarin daga baya, mutumin ya duba ya ce shi bai san kome a kan littattafan baƙar fata ba, ya roƙe ta ta rubuta rahoton da kanta shi kuwa ya aika. Rahoto ya isa hannun ma'aji, ya zaci aikin Bature ne, ya karɓa ba gardama, aka yi ciniki.

Ku dubi wannan al'amari. A duk birnin babu wanda ya san kuɗin kayan sai ita, amma sai da maganarta ta bi ta hannun wani kafin a gaskata. Da mai zuciyar kusa ce da ta yi fushi ta watsar, kayan su tafi wani wuri. Ita kuwa abin da ta sa a gaba littattafan su shigo gida, sun kuwa shigo. A ma'ajin nan mutum zai ga littafin Juan Latino, baƙar fata da ya koyar da Latin a birnin Garanada na ƙasar Sifen, aka buga waƙoƙinsa a 1573. Zai ga na Phillis Wheatley, yarinyar da aka sato daga Afirka ta Yamma aka sayar a Boston a 1761, aka buga waƙoƙinta a London a 1773. Zai ga na Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, ya buga tarihinsa a 1789.

ZANE DA KIƊA

Ba littattafai kaɗai ta tsare ba. Mijinta na fari, James Porter, mai zane ne, malamin zane kuma a Howard. A laburare ma suka haɗu, a unguwar Harlem ta Niyok, sa'ad da ya zo neman labarin masu zane baƙaƙe na dā, suka yi aure a 1929. A lokacin in ka tambayi masana wane baƙar fata ne ya taɓa yin zane ko sassaƙa a Amurka, da ƙyar su kawo maka suna biyu ko uku. Miji da mata suka shiga tono. Ita ta san inda takardu suke, shi ya san zane. A 1943 ya fito da littafinsa mai suna Modern Negro Art, wanda shi ne na farko da ya bi tarihin masu zane baƙaƙen Amurka daki-daki, irin su Edmonia Lewis mai sassaƙa dutse, da Henry Tanner wanda wariya ta sa ya koma Faransa da zama, can ya yi suna.

Haka kuma ta tara takardun da a kan rubuta sautin kiɗa a kansu, da hotuna, da zane-zanen da aka buga, da takardun shelar wasan kwaikwayo. Me ya sa ta damu da waɗannan? Domin kayan fasaha sun fi kome saurin ɓacewa. Hukuma ta kan ajiye takardun haraji da na shari'a don amfanin kanta, amma wa ke ajiye waƙa? Makaɗi ya mutu da waƙoƙinsa a ka. Zane ya bi hannu ya bi hannu har a manta mai shi, wani ya zo ya sa sunansa. Alhali kuwa a cikin waƙa da zane ne a kan ga abin da ke zuciyar talaka, wanda takardar hukuma ba ta ɗauka.

HIDIMAR JAMA'A

Tara kaya daban, sakin su ga mabukata daban. Akwai masu ilmin da ke zama a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Malama Dorothy ba ta cikinsu. Ɗalibi ya zo, malami ya zo, ɗan jarida ya zo, wani ya rubuto wasiƙa daga wata ƙasa, duk sai ta nemo musu abin da suke so, sau da yawa har da abin da ba su san akwai shi ba. Don waɗanda ba su iya zuwa Washinton kuwa, sai ta riƙa buga littattafan jagora masu nuna abin da aka rubuta da inda yake. A 1945 ta fito da jerin mawaƙan baƙar fata na Amurka ta Arewa. A 1958 ta shirya jerin littattafan Afirka da ke ma'ajinta tare da ɗaliban da ke nazarin Afirka a jami'ar. A 1971 ta tattara rubuce-rubucen baƙaƙe na farko, daga 1760 zuwa 1837, ta buga su a littafi guda don kowa ya samu. A 1978 ta fito da na baƙaƙen Birazil. Wani babban masanin tarihi, Benjamin Quarles, ya shaida cewa cikin shekara talatin babu wani muhimmin littafin tarihin baƙar fata da ya fito wanda mai shi bai gode mata a ciki ba.

Mu ma nan ƙasar mun ci moriyarta. Bayan samun mulkin kai, sa'ad da ake shirin kafa Babban Laburaren Ƙasa na Nijeriya, Gidauniyar Ford ta aiko ta Ikko a matsayin mai ba da shawara, ta zauna daga 1962 zuwa 1964. A 1964 ɗin ne aka yi dokar kafa laburaren aka buɗe shi. Mijinta ma ya zo Afirka ta Yamma a shekarun nan ya yi zane-zane.

Ta huta da aiki a 1973. Jarin 3,000 da aka danƙa mata ta bar shi ya haura 180,000, littattafai da takardu da hotuna da sauransu. A shekarar aka ɗaukaka ma'ajin ya zama cibiyar bincike mai suna Moorland-Spingarn, wadda ke cikin manyan ma'ajiyar tarihin baƙar fata a duniya, har takardun Kwame Nkrumah na Gana suna cikin abin da aka kai can ajiya. James Porter ya rasu a 1970. A 1979 ta auri Charles Wesley, masanin tarihi, shi ya sa za ku ji ana ce mata Dorothy Porter Wesley. Hutun nata ma ba hutu ba ne, gama ta ci gaba da bincike da rubutu har tsufa. A 1994 Shugaba Clinton ya ba ta lambar girma ta Charles Frankel. Ta rasu ran 17 ga watan Disamba 1995 a jihar Fulorida. Littafin da take shiryawa a kan William Cooper Nell, wani baƙar fata mai yaƙi da bauta a Boston, 'yarta ce ta ƙarasa shi aka buga a 2002.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba a taɓa hana mu alƙalami da doka ba, kakanninmu maza da mata sun yi rubutu da Larabci da ajami tun kafin zuwan Turawa. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, ina takardun suke? Nawa gara ta ci? Nawa damina ta jiƙa a soron da ya rushe? Nawa gobara ta lashe? Nawa aka yage aka ƙunshe ƙosai da tsire da gyaɗa a ciki? Abin da maƙiya suka yi wa baƙaƙen Amurka da gangan, kada mu yi wa kanmu da sakaci.

Abin da muke roƙo ba ya bukatar digiri, ba ya kuwa bukatar kuɗi mai yawa. Duk wanda ke da tsofaffin takardu a gida, wasiƙun fatauci ne, ko littafin bashin kakansa, ko takardar rumfa, ko waƙar ajami, ya kakkaɓe su ya sa a akwatin ƙarfe, ya ɗora a kan wani abu kada ya taɓa ƙasa, ya riƙa dubawa kafin damina da bayanta. Hoton da ke gidanka, juya bayansa ka rubuta da fensir sunan mutanen da ke ciki da garin da shekarar, tun masu sanin su suna da rai. Kaset ɗin makaɗan dā kada a yar, a ba yara su kwafe shi a waya ko kwamfuta. In dattijo ya rasu, kada a share ɗakinsa a kai juji sai an kira mai karatu ya duba. Ku masu sayen takarda don ƙunshi, in an kawo muku wadda aka rubuta da hannu, ku ware ta gefe, riba ce da ba ta kuɗi ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su riƙe littattafan mintinsu da kyau, gama tarihin kasuwa a ciki yake. Wanda ya ga ba ya iya riƙon abin da ke hannunsa, akwai wuraren da aka yi domin haka, kamar Gidan Arewa da ma'ajin takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da ma'ajin Waziri Junaidu a Sakkwato.

Sa'an nan ga magana ga iyaye. Likitan nan na Montclair da ya ce karatun 'ya mace asara ne, da yau ba mu taru a nan muna ambaton sunan 'yarsa ba, da kuma dubban takardu sun tafi cikin wuta. A cikin 'yan matan da ke ɗaukar talla a kasuwarmu akwai mai irin wannan kai. A bar ta ta je makaranta.

Shugaban taro, nan za mu tsaya.  Mai tambaya ya ɗaga hannu, in an gama kuma Allah ya kai kowa gidansa lafiya, ya ba da kasuwa gobe.